Jirgin da Ba Ya Shan Mai

Har gobe ina kan bakana: Sarkin Ruwa ne ya cuce ni.

Lokacin ostariti, da albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, na ɗaura aniyar sayar da ɗan jirgin ruwa mai ƙyallen iska da wani Bature injiniya ya bar min. Shekara huɗu yana kan 'yar tirelarsa a ƙofar gidana a Gwarzo, kaji na ƙwai a ciki. Ban taɓa shigarsa ba.

Na ja shi har bakin dam wajen Kabo, masunta suka kewaye ni. Na gyara babbar riga na ce, "Wannan ba ya shan mai, ba ruwansa da tuƙi. Iska kyauta ce!"

Sarkin Ruwa ya ce, "Malam, ko jaki ake ciniki, ai mai shi ke fara hawa."

Ni za a raina? Na shiga, na ja igiya, ƙyalle ya buɗe. Wallahi jirgin ya yi gudu! Ina ɗaga musu hannu kamar gwamna. Sai a tsakiyar ruwa na tuna ban san yadda ake juyowa ba, kuma ban iya iyo ba.

Wai har bakin gaɓa an ji ni ina ihu, "Ina birki?" Sharri ne. Salati nake yi.

Kwalekwale uku suka jawo ni, jirgin kuwa ko sisi ba wanda ya taya shi.

Yanzu da iska ta kaɗa a majalisa, sai wani ya ce, "Jama'a, a riƙe Malam!" Jiya har liman ya kama min riga.