Rasuwar Allon Nahawun Hindi na Alhaji Tukur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, ni Alhaji Tukur mai turare nake sanar da mutanen Hadejia rasuwar allona na nahawun harshen Hindi, ranar Talata, tara ga Rajab, shekara ta 1290 bayan Hijira. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya.

An haifi marigayin a Makka, a rumfar Abdulwahid, wani dattijo mai turare daga ƙasar Hindu. Wata huɗu ina yi masa dakan sandal, shi kuwa yana rubuta mini harshensu da ajami, gaba da bayan allon, layi talatin da bakwai. Marigayin ya ƙetare Bahar Maliya, ya ratsa Wadai da Borno a cikin gafaka, ko ɗigo bai goge ba.

Mai haƙuri ne. Kullum da hantsi, a bakina, yakan ce: "Mai jata hun, tum jate ho, wo jata hai." Wato ina tafiya, kana tafiya, yana tafiya. Shi ya koya mini cewa su mutanen Hindu sai a ƙarshen magana suke ajiye kalmar aiki, kamar mai cin tuwo ya bar nama sai ya ƙoshi. Shi ya nuna mini "kal", kalma ɗaya mai ɗaukar jiya da gobe. Na kai wannan abin mamaki kasuwa, masunta suka ce ai ko kifi ya san bambancin jiya da gobe. Iyakar iliminsu ke nan.

Jinyar ta fara ne da ambaliyar bana. Da kogi ya shigo mini zaure, na kai allon ajiya gidan Mala, mijin ƙanwata 'Yar'azumi, don gidansa na kan tudu. Mala masunci ne, bai san alif ba ko da ya taka shi. Na ja masa kunne sau uku. Ya ce, "Yaya Alhaji, kamar ƙwayar idona."

Kwana shida bayan haka zazzaɓi ya kwantar da 'Yar'azumi. Mala ya buɗe gafaka, ya ga baƙin rubutu, ya tuna daga Makka ya zo. Bai aiko an tambaye ni ba. Ya wanke allon tas a ƙwarya, gaba da baya, ya ba ta ta shanye.

Da na je, ya tare ni da murna. "Yaya Alhaji, ashe magani ka ɓoye mana shekara da shekaru? Ta tashi, har daka take yi!"

Na ce, "Mala, jinsin namiji da tamace ka ba ta, da ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin."

Ya ce, "To, ai sun karɓe ta."

Na gode Allah da lafiyar ƙanwata. Amma mutanen da suka shekara tara suna ce mini Alhaji Jatahun, yau su ne a ƙofata da ƙoransu, wai in sake rubutawa. Na zauna da alƙalami har azahar, layi huɗu kawai suka dawo, ɗaya ma ina shakkarsa. Abdulwahid kuwa tun a lokacin gemunsa fari fat, tsakanina da shi tafiyar shekara biyu.

Marigayin ya bar gafaka ɗaya, da igiyar rataya, da ɗalibi guda, wato ni, wanda bai wuce "ina tafiya" ba.

Za a binne gangar itacen ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin tsamiyar bakin kogi. Mai zuwa ta'aziyya ya bar ƙwaryarsa a gida. Mala ne zai haƙa kabari, shi kaɗai, ba mai kama masa. Ba za a yi wa mamacin wanka ba. Surukina ya riga ya yi.