Rasuwar Kwamfutar Malama Mashkura a Hannun Mai Jinya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da babu damar furta shi, Malama Mashkura Abdurrahim ta unguwar Limawa, malamar kimiyyar halittu a wata sakandaren 'yan mata, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarta ta cinya, wadda ta cika ranar Talata da hantsi.

Marigayiyar ba sabuwa ba ce, kwance aka saye ta, amma ba ta taɓa kunyata uwar ɗakinta ba. Da aka ɗauki Malama cikin malaman da za su yi bincike a jami'a lokacin dogon hutu, tare suka tafi. Malama ta ɗiga jini a gilashi, ta leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta, ta ɗauki hoto. Ita kuma marigayiyar a nuna mata: wannan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce, wannan datti ne kawai. Da farko ko ƙura ta gani sai ta ce cuta ce. A hankali ta fara ganewa. Malama ba don takardar shaida ta dage ba. Bara ta zauna da 'yarta Murja a cinya, jiki kamar garwashi, suna jiran mai duba jini ya zo daga wani gari.

Ranar da abin ya faru, an bar marigayiyar tana karatunta na ƙarshe, Malama ta kai jaririnta rigakafi. Idan tana irin wannan aiki takan yi zafi, fankarta na kuka, fuuu, fuuu. Goggo Madina, yayar mahaifin maigidan Malama, wadda ta baro shanunta a Aujara don ta riƙe yaran, ta ji nishin. Ta taɓa, ta ji zau. Goggo kuwa ba ta taɓa zuba wa mai zazzaɓi ido ba, ɗan mutum ne ko maraƙi. Ta jiƙa tawul sharkaf ta lulluɓe ta, ta kai ta gindin randa, tana ƙara yayyafi. Marigayiyar ta ce ƙit, ta yi shiru. Goggo ta tari Malama a zaure da albishir cewa jikin ya yi sanyi, har ta samu barci.

Malama ta ce an gode. Me za ta ce?

Marigayiyar ta rasu ta bar caja, da jaka mai tsinkakken hannu, da hotunan jini na hutu guda waɗanda ba su da kwafi a ko'ina, ga shugaban binciken yana jiran sakamako kafin a koma makaranta.

Gobe bayan azahar za a kai gawar shagon Sharhabilu mai gyara, ya buɗe ta ko za a ceto hotunan. Za a karɓi gaisuwa a gida. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya tambayi Malama me ya sa ba ta adana a wani wuri ba, ta riga ta tambayi kanta. Goggo za ta zauna cikin masu karɓar gaisuwa. Idan ta ji ita ce sila, a ranar za ta hau motar Aujara don kunya, kuma babu mai riƙe yaran a sake aikin. Saboda haka duk wanda ya shigo, ya yi mata sannu da jinya.