Yadda Na Kayar da Rumfa a Kan Baƙin Makaranta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kayar da rumfa a kan manyan baƙin makarantar garinmu ba. Da hannuna na yi, da rana tsaka, a gaban jama'a. Ruwa ya ci gidana sau biyu, ya ci ɗana, na taɓa wuni a kan bishiya ina kallon rumbuna yana tafiya. Duk waɗannan ina iya ba da labarinsu ina cin goro. Wannan kuwa har yau in na tuna sai na ji zufa a bayan wuyana.

Ni manomin shinkafa ne a fadamar Haɗeja, da can kuma masunci. Ban yi boko ba. Abu biyu ne suka haɗa ni da makaranta, jinga da Falmata.

Makarantar a kwari take. Duk damina kogi ya cika sai ya shigo har cikin azuzuwa, a rufe, sai ya janye a buɗe. Waccan shekarar iyayen yara suka ce abin ya isa haka. Aka ce ni na san hanyar ruwa, in nuna inda za a tare shi. Na nuna. Muka yi ta cika buhuna da ƙasa muna jerawa har bayanmu ya daina miƙewa. Ruwa ya zo, ya tsaya a bayan jinga, ya gaji ya koma. Ba a rufe makaranta ko kwana ɗaya ba.

Falmata kuma jikata ce, 'yar wannan ɗan nawa da ruwa ya ci. A hannuna ta girma. Ina ce mata amarya, tana ce mini Tsoho, kullum tana gaya mini ita ba ta auren mai haƙori huɗu (biyar ne, na ƙirga). A shekarar ta gama aji shida, kuma ita ta zo ta ɗaya. Al'adar makarantar, ranar taron ƙarshen shekara in an kira yaro karɓar kyauta, ubansa yana fitowa ya tsaya kusa da shi a ɗauke su hoto, a manna a bangon ofishin hedimasta.

Ana saura kwana biyu ta kawo mini abinci gona. Ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba.

"Tsoho, jibi ka bar tsuntsayenka."

Na ce shinkafar fa, wa zai tsare ta?

"Kowa ubansa zai tsaya masa. Ni kai ne."

Na buɗe kwanon abincin. Na san zan je.

Matsalar ita ce taron ya faɗo daidai lokacin jan-baki. Na yi lattin shuka a noman rani, kowa ya yanke tasa, tawa da ta maƙwabcina Bukar kaɗai suka rage a tsaye. Wanda bai san jan-baki ba, ɗan ƙaramin tsuntsu ne, amma ba ya zuwa shi kaɗai. Kamar hayaƙi suke tasowa, in suka sauka a gona kafin ka gyara zama sun gama da ita. Maganinsu guda ne a wurinmu. Ka kafa gadon itace a tsakiyar gona, ka ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, ka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ka hau tun kafin rana ta fito har ta faɗi, igiya a hannu. Da ka ji ƙarar fukafukai ba ka tsayawa dubawa. Ka fizga, ka yi ihu, ka zage su. Sati uku ina wannan aiki. Ko abinci da hannu ɗaya nake ci.

Na roƙi Bukar ya haɗa igiyata da tasa na rabin yini. Ya yarda. Amma na san Bukar, yana jan igiya kamar yana tsoron kada ta ji ciwo. Na bar gona, hankalina bai biyo ni ba.

Da safe hedimasta ya ce a taimaka a kafa rumfa. Ba mu ɗauko irin ta birni ba. Manyan tamfol guda uku da muke shanya shinkafa a kai muka haɗa, kuma duk cikinmu ba wanda ya tuna ya kakkaɓe su. Ni na ɗaure babbar igiyar da ta riƙe tsakiya, daga reshen bishiyar maina zuwa turken gaba. Na yi mata ɗaurin da nake yi wa kwale-kwale, zarge, wanda ruwa ba ya kwance shi amma mutum ya ja bakin igiyar sau ɗaya ya saki. Tun ina saurayi hannuna bai san wani ɗauri ba.

Na je gida na sa rigar da Falmata ta wanke mini ta ninke ta sa a ƙarƙashin tabarma don ta kwanta. Niyyata in tsaya a baya, in an kira ta in fito. Hedimasta ya hango ni. Ya ce sam, mutumin da ya tare ruwa ba zai tsaya a rana ba. Ya kamo hannuna ya kai ni layin gaba, can gefe, kusa da turken nan. Mai gari yana nan, liman yana nan, ga babban baƙo daga ofishin ilimi cikin farar shadda mai ƙara in ya motsa. Aka ba ni kujerar roba mai hannu. Sati uku ban zauna a inuwa ba, balle a abin da ake jingina baya.

Bakin igiyar yana lilo kusa da gwiwata. Na kama shi na naɗe a tafin hannu. Ba da wata manufa ba. Hannun ne ya saba, in babu igiya a cikinsa sai ya ji kamar tsirara yake.

Hedimasta mutumin kirki ne, amma in ya riƙe lasifika ba ya son rabuwa da ita. Ya fara lissafa abin da makaranta ta samu a shekarar, kuma gaskiya akwai abin faɗa. Ya faɗi azuzuwa biyun da iska ta yaye rufinsu, iyaye suka haɗu suka mayar. Ya faɗi yaranmu da suka je kacici-kacici a Haɗeja suka dawo da kofi, aka shiga gari da su a Keke Napep suna ɗaga shi sama. Ya ce a bana ne karon farko da 'yan mata suka zauna har ƙarshen aji shida ba a cire ko ɗaya ba. Ya faɗi itatuwan da aka dasa a bakin fili (bai faɗi cewa awakin mai gari sun ci rabi ba). Kowanne ya faɗa da Hausa sai ya sake faɗa da Turanci saboda baƙo, alhali baƙon ɗan garin Miga ne, na san ubansa, kifi yake saya a wurinmu. Raina ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Wurin da a da kwaɗi ke kwana a ƙarƙashin allo, yau ga shi ana ƙirga masa nasarori.

Na ji ya kai kan famfon da ya shekara a mace aka gyara. Daga famfo ban san inda aka nufa ba.

Abin da na sani, na koma kan gadona a gona. Shinkafa ta sunkuyar da kai, iska tana kaɗa ta. Na waiwaya na ga Bukar ya rufe fuska da hula yana barci. Can sai na ji su. Daga gabas suka taso, da yawan da ban taɓa ji ba, ƙarar tana ƙaruwa tana matsowa.

Daga baya na gane abin da ya faru. Sunan Falmata aka kira, ta shigo cikin rumfa ta karɓi kyautarta. 'Yan ajinsu suka miƙe gaba ɗaya da tafi, sauran yara suka ɗauka, iyaye mata suka taya. Wallahi tafin yara da yawa a lokaci guda ba shi da bambanci da tashin jan-baki.

Na yi abin da na yi sati uku ina yi. Na zabura na miƙe, na fizgi igiya da duk ƙarfina, na buɗe murya irin wadda ake ji daga wancan ƙetaren kogi.

"Haa! Ku tashi, ɓarayi! Gonar ubanku ce?"

Zarge ya yi aikinsa. Rumfa ta sauko gaba ɗaya, a hankali ma, kamar ana shimfiɗa ta. Ta rufe mai gari, ta rufe liman, ta rufe baƙo da shaddarsa, da teburin kyaututtuka, da hedimasta. Ƙurar shinkafa da ƙaiƙayin kaka biyu suka tashi sama suka dawo. Ni kaɗai ta bari a tsaye, da yake a gefe nake, don kowa ya gan ni da kyau.

Ba abin da ake gani sai kawuna suna motsi a ƙarƙashin tamfol kamar kifi a koma. Lasifika kuwa ba ta mutu ba. Gari duka yana jin baƙo yana atishawa, yana jin hedimasta yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, da Hausa da Turanci. Daga can baya wani ya fara dariya, na san muryarsa, mahaucin garinmu ne. Shi ke nan. Har matan da suka rufe baki da mayafi kafaɗunsu suna rawa.

Matasa suka ɗaga tamfol. Manya suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman hularsa, kowa yana susa. Wanda ƙaiƙayin shinkafa ya taɓa shiga wuyan rigarsa ya san ba a yi masa dattako. Liman yana susa yana salati. Mai gari ya dube ni ya ce wa nake nufi da ɓarayi, na ce tsuntsaye, ranka ya daɗe. Ya ce to, Allah Ya sa.

Falmata ce ta ƙarshen fitowa. Farin hijabinta ya koma launin ƙasa. Littattafan da aka ba ta suna rungume a ƙirjinta. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tako har gabana, ta dubi hannuna, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Kaka, saki igiyar."

Ashe har lokacin ina riƙe da ita. Kuma tun da ta iya magana ba ta taɓa ce mini Kaka ba.

Ba a ɗauki hoton kowa ba ranar. Baƙo ya shiga mota yana susa, aka ƙarasa raba kyaututtuka a tsaye a gindin maina. Na je na ba hedimasta haƙuri. Ya ce ba komai, laifinsa ne da ya sa gajiyayye a inuwa. Na wuce gona ban bi ta gida ba. Bukar bai yi barci ba, tsuntsu ko ɗaya bai sauka ba, amma labari ya riga ni isa. Ya tambaye ni ko manyan sun tashi da na kore su.

Kwana huɗu Falmata tana aje mini abinci, ta gaishe ni gaisuwar baƙo, ta juya. Ba tsiya, ba zancen haƙori. Na sha wuya iri-iri, amma ban san gida yana iya yin faɗi haka ba. Ban iya ba da haƙuri da baki ba, ba a koya mini ba. A rana ta biyar da ta zo gona na matsa mata wuri a kan gado, na ce ta karanta mini abin da aka rubuta a takardar da aka ba ta. Ta hau ta zauna. Ta karanta, ta fassara mini. Sannan ta ce ai ni ma an kira sunana a kan maganar jinga, na gyaɗa kai sau uku, mutane suka ce dattijon nan akwai kawaici.

Na ce ban ji ba.

"Na sani, Tsoho. Ina ganin bakinka a buɗe tun daga layinmu. Na ƙirga, huɗu ne."

Hoton da take so ba ta samu ba, kuma ba za a sake gama aji shida ba. Amma wani malaminsu ya ɗauki abin a waya. Ta sa aka wanko mata guda a Haɗeja. Ga ta tana fitowa daga ƙarƙashin tamfol da littattafanta, ga ni a tsaye kusa da ita da igiya a hannu, ido a waje. Na ce ta yaga. Ta ce a'a, an ce uba ya tsaya kusa da 'yarsa, kuma na tsaya. Hedimasta ya ƙi manna shi a ofis. A ɗakina ta manna shi, sama da inda nake salla, inda ba yadda zan yi in kauce masa.

Abin da na koya kaɗan ne. Mutum ya san abin da hannunsa ya saba kafin ya yarda a ba shi kujerar manya.

Yanzu tana sakandare a Haɗeja, wurin gwaggonta. Ni ina nan inda nake. Ina duba jingar makaranta duk damina, ina toshe inda ɓeraye suka huda. Taron ƙarshen shekara har yanzu ana gayyata ta, kuma ina zuwa. A can baya nake tsayawa, cikin rana, hannuwana biyu a aljihu. Rumfa kuwa an daina kirana in kafa ta.