Rasuwar Katin Intanet, Wanda Ya Tafi Ba a San Direbansa Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Yaya Babba, mai buga wa mutane takardu daga ɗakinta, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar katin intanet na tsohuwar kwamfutarta.

Marigayin ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, kuma ba shi da surutu. Iyakarsa "ƙit" idan an soka masa waya, sai koriyar fitila ta hau ƙifta ido. Tunda ciwo ya kwantar da Baba, jinya ta ɗaure Yaya a gida, ta wurin katin nan aiki ke shigo mata, ta wurinsa take ganin fuskar ƙanwarta da ke aure a nesa. Ƙofarta ta fita ke nan, ba ta da wata.

Rashin lafiyar marigayin ya faro ne ranar da kwamfuta ta sabunta kanta ba da izinin kowa ba. Da kwamfutar ta farka, sai ta ce sam ba ta san marigayin ba, bayan duk shekarun da suka yi tare. Mai gyara ya ce direban katin ne ya ɓace, wato 'yar manhajar da ke yi musu tafinta shi da kwamfuta. Baba na jin haka daga kan gado ya sa aka kira Kawu, wanda ya tsufa yana jan tirela. Kawu ya zagaya teburin, ya leƙa ƙasa, ya nemi a nuna masa inda ake sa mukulli.

An tambayi kwamfuta wane direba ne, ta ce sai ta duba intanet. Intanet kuwa sai da katin. A haka aka yi ta zagaye har fitilar ta mutu.

Ya bar waya shuɗiya guda, da aikin mutane da aka gama ba hanyar turawa, da Yaya, wadda kewa ta ishe ta.

Za a naɗe shi a leda a kwantar da shi cikin durowa, kusa da tsofaffin cazoji. Masu ta'aziyya su daure su zo da ƙafarsu. Ba sai an tambayi lokaci ba, kullum Yaya tana gida.