Dakuwar Goggo a Cikin Ordinatar

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da aka buɗe cikin kwamfutar buronmu, wato ofishinmu, a gaban kwamiti. In ma na yi ƙoƙarin mantawa, akwai mutum bakwai a Agiye da ke shirye su tuna mini.

A lokacin ina aiki a wata ƙungiyar manoma da makiyaya. Kwamfuta ɗaya gare mu (mu nan ordinatar muke ce mata), irin ta tebur mai babban akwati a ƙasa. A cikinta sunayen membobi suke, da na masu jiran irin shuka, da jerin garkunan da za a yi wa allurar rigakafi. Mu biyu ke taɓa ta. Madam Rabi, sakatariyarmu, wadda ta girme ni da kusan shekara goma kuma take riƙe da marayunta uku da wannan aikin, ita ke buga takardu tun safe har la'asar. Ni kuma ni ne mai kula da lafiyar na'urar, don an taɓa aika ni Maraɗi na yi horo na sati biyu, na dawo da takardar shaida na rataye ta daidai inda mai shigowa zai fara gani. Daga nan aka laƙaba mini Injiniya, ban kuwa taɓa cewa a daina ba.

Gara in faɗi laifina tun yanzu. Ina da goggo a Gazawa da ke yin dakuwar aya, irin mai laushin nan da ke naso a leda. Duk sati takan ba wani direban taksi ƙulli ya kawo mini. Ranar farko da na kai buro na ajiye a tebur na ce a yi bismillah, na fita alwala. Dawowar da zan yi, leda kawai na tarar, ita ma an suɗe ta. Aljihun teburina ba makulli, jakata kuwa kowa na sa hannu neman biro. Ina cikin wannan damuwa, wata rana na cire murfin gefen akwatin kwamfutar don in share, sai na ga fili a ciki, ga duhu, ga ɗumi, kuma duk buron ba mai izinin buɗewa sai ni. Tun daga ranar, a can dakuwar ke kwana. In an fita sallar azahar nakan ɗan yi jinkiri, in kwance kusoshi biyu, in jefa curi biyu a baki, in mayar.

Da aka fara tambayata ina dakuwa, sai na marairaice na ce ai Goggo ta bari, ciwon hannu ya hana ta daka. Kowa ya jajanta. Madam Rabi har man zafi ta sayo ta ce in aika mata. (Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Ni na shafe shi a gwiwata.)

Ba a yi wata guda ba na'urar ta fara ciwo. Ana cikin aiki sai fuskarta ta rikiɗe ta yi shuɗi, wasu fararen rubutu su fito, ta mutu, ta sake tashi, duk abin da aka buga ya tafi. Da farko sau ɗaya a sati, sannan kullum, daga baya har sau uku tsakanin azahar da la'asar. Shugabanmu, Alhaji Mamman, ya kira ni ya ce in nuna amfanin horon da aka yi mini.

Na fara da wutar lantarki, tunda ita ba ta da bakin musu. Na sa aka sayo na'urar daidaita wuta, ba ta daina ba. Na canza waya da soket, ba ta daina ba. Na kwashe takardun ƙungiya na goge komai na sake zuba mata sabon sistem, yini guda ina zufa ina kallon allo ina girgiza kai don a san abin ba na yara ba ne. Ta yi kwana ɗaya lafiya, na bi kowa ina karɓar barka, washegari da rana ta sake yin shuɗi a gaban wani Arɗo Bello, dattijon makiyaya kuma ɗan kwamiti, wanda ya zo tun hantsi karɓar jerin garkunan rugarsu. Ranar haka ya koma hannu sake, sati na gaba ma haka.

Kar ku ce ban taɓa tunanin dakuwar ba. Tunanin ya zo mini sau ɗaya, na kore shi, na ce ai abinci ba ya hana sistem aiki, ba a koya mana haka ba a Maraɗi. Abin da na lura da shi dai, kuma na faɗa wa Alhaji cikin ƙasa da murya, shi ne kullum a hannun Madam Rabi take mutuwa. (To a hannun wa za ta mutu, tunda ita kaɗai ke aiki?) Na ƙara da cewa na sha ganin ta tana jona wayarta, kuma ta nan birus, ƙwayar cutar kwamfuta, ke shiga. Kalmar birus ta yi wa Alhaji daɗi, don ya taɓa jin ta a rediyo. Ya hana Madam Rabi taɓa na'urar, ya mayar da ita rubutu da hannu a baranda, ya ce za a kira mai gyara daga Maraɗi. In ta tabbata ita ta ɓata kayan ƙungiya, ƙarshen wata ta nemi wani aikin.

Ba ta yi gardama ba. Ta dai dube ni ta ce, "Injiniya, ka tabbata?" Na ce ilimi ne ya nuna. Don in ƙara wa maganata nauyi, har shawara na bayar a kulle ɗakin, Alhaji ya riƙe makullin, kada wani ya shiga ya goge shaida kafin mai gyara ya iso. Alhaji ya yaba da hankalina, ya kulle, ya jefa makullin a aljihun babbar riga. Sai da na kai gida na zauna cire takalmi na tuna da safiyar nan na sa sabon ƙulli a ciki.

Kwana huɗu na yi ina zagaya Alhaji. Na ce na manta hulata a ciki, ya ce ga ta a kaina. Na ce ya kamata a riƙa kunna na'ura tana shan iska, ya ce ai ni na ce kada a taɓa. Na leƙa taga, akwai ƙarfe. Na koma ina lallashin kaina cewa masu gyaran zamani ba sa buɗe akwati, allo kawai suke dubawa.

Ranar da mai gyaran ta zo (mace ce, Madam Hasiya, da ƴar jakarta da tabarau), Alhaji ya tara kwamiti don a yi komai a fili. Ga Arɗo Bello da sandarsa, ga sauran dattawa, ga Madam Rabi a bakin ƙofa ta naɗe hannu. Na tarbi baƙuwar da Faransanci mai yawa, na jero mata duk abin da na yi, na rufe da birus. Ta saurara, ta kunna na'urar, ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin, ta kara kunne. Ta tambaya ƙarfe nawa na'urar ta fi mutuwa, aka ce da rana tsaka. Sai ta ce ita ba ta jin kukan fanka, kuma wannan ya fi kama da zafi. Ta miƙo mini hannu ta ce in ba ta turnabis, abin kwance ƙusa.

Na ce ya ɓata. Arɗo Bello, Allah ya saka masa, ya zaro ƴar wuƙarsa ya miƙa mata.

Ƙamshin ne ya fara fitowa. Sannan kiyashi, ba ɗaya ba ba ɗari ba, suka malalo kan siminti, dattawa suka ɗage ƙafafu da riguna. Madam Hasiya ta sa yatsu biyu ta jawo leda, wadda bakinta ya shige cikin fanka ya cije ta, mai ya tsiyaya ya bi ta kan allunan ciki, kiyashi sun yi gari a kai. Bayan ita ta jawo wata tsohuwar ledar da ni kaina na manta da ita. Ta jera su a kan teburin Alhaji, ta goge hannu, ta tambaya a hankali wa ke da izinin buɗe akwatin nan. Kowa ya juyo ya dube ni.

Arɗo Bello ya matso ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Alhaji, "Wanga birus, a rugarmu ma ana cin shi."

Aka yi dariya har wani dattijo ya ƙware, ni ma na buɗe haƙora ina taya su, ina fatan a tsaya nan. Madam Rabi ce kawai ba ta yi ba. Ta tako ta ɗauki curi ɗaya ta shinshina, ta ajiye, ta dube ni.

"Injiniya, ashe hannun Goggo ya warke? To alhamdulillahi. In ka tai Gazawa ka gaishe ta."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Dariyar ta ɗauke, domin kowa ya tuna abin da aka taru a yanke. Alhaji ya yi gyaran murya, ya zaro makullin daga aljihu ya ba Madam Rabi, ya ba ta haƙuri a gaban kowa, ya ce daga yau na'ura na hannunta, ni kuma in zan taɓa sai na nemi izininta. Madam Hasiya ta wanke cikin akwatin, ta canza fanka, kuma har na bar wurin fuskar kwamfutar nan ba ta sake yin shuɗi ba. Kafin la'asar Arɗo ya tafi da takardarsa.

Da aka watse na sami Madam Rabi tana buga aikin sati uku da ya taru. Na tsaya tsaye kamar ɗan lakol da ya makara zuwa aji, na ce Yaya Rabi ki yafe mini. Ba ta ɗago ba. Ta ce ita rowar ba ta dame ta ba, kowa da abin da yake ɓoyo. "Amma kwana huɗu ka san abin da ke ciki, kana wuce ni ina rubutu bisa gwiwa kana ce min ina kwana. Ni kau ina tunanin mi zan ce ma ɗiyana ƙarshen wata." Wannan maganar ta fi dariyar kwamiti zafi, kuma ita ce har yau in na tuna take sa ni jin kunya. Ta yafe, amma sai da na yi sati ina karanto mata sunaye tana bugawa.

Abin da na koya bai cikin takardar da aka ba ni a Maraɗi. In na'ura ta yi ta mutuwa, a fara buɗe cikinta kafin a nuna wani da yatsa. In kuwa aka ce a buɗe ka ji gabanka ya faɗi, to kada ka wahalar da mai gyara da hanya, kai ne.