Rasuwar Rimot ɗin Shagon Aski, Mai Neman Akta a Minti na Arba'in da Bakwai

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni mai askin bakin kwana nake sanar da kwastomomi da abokan musu rasuwar rimot ɗin talabijin ɗin shagona, wanda aka fi sani da Ɗan-Baƙi. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tafin hannuna, yana da shekara tara a duniya.

Marigayin mai haƙuri ne. An zauna a kansa, an kashe ƙuda da shi, ya faɗa kofin shayi sau biyu, bai taɓa kai ƙara ba. In batir ya yi sanyi, sai a ɗan buga shi a cinya, ya ce ƙwas, ya koma bakin aiki.

Ciwon ajalinsa ya faro ne ranar da aka kawo mana wani fim a filashi. Fim ne na bos zalla. Wani ma'aikacin gidan ruwa aka kora, ya bi a hankali ya zama mugu. Yana hawa bas, yana ciwon gwiwa, takalminsa ma ya tsinke a hanya. Awa biyu cur, babu akta ko ɗaya, balle irin mai tashi sama da mayafi a baya. Ni kuwa na ce haba! Wa ya taɓa ganin ɓarna babu mai tsawatarwa?

A minti na arba'in da bakwai, inda bos ya shiga wani lungu mai duhu, na hango wata inuwa a saman allon tana kaɗawa. Na rantse mayafin akta ne, an ɓoye shi sai kashi na biyu. Daga nan komai ya fito mini fili: tsohuwa mai sayar da lemo a fim ɗin uwar akta ce, magen da ta gifta 'yar aikensa ce, tarin da bos yake yi kuwa tsoro ne. Babbar hujjata ita ce ko an tsayar da fim ɗin, mayafin bai daina motsi ba. In ba mai baiwa ba, wa zai iya haka?

Tela maƙwabcina ya ƙi yarda. A gaban mutum shida na ɗora hannu a kan gashin bakina, wanda shekara ashirin da biyu reza ba ta kusance shi ba, na ce in ba akta ba ne, ya aske shi da hannunsa.

Marigayin ne ya ɗauki nauyin wannan rantsuwa. Wata huɗu yana tariyo baya yana tsayarwa, ƙit, ƙit, ga duk wanda ya shigo, har wanda ya zo tambayar hanya. Maɓallin tsayarwa ya fara lotsewa. Muka ɗaure shi da salatif, muka ƙara da roba. Daga baya wani abu ya kama kacau-kacau a cikinsa. Mai gyaran rediyo ya buɗe shi, ya rufe, ya ce a kai shi gida kawai.

Ya bar batura biyu, ɗaya ba nasa ba ne, da murfin baya da ya ɓata tun bara, da talabijin guda, wadda maɓallan jikinta suka daɗe da mutuwa, yanzu ba mai iya kunna ta.

Jiya Tela ya zo ta'aziyya. Ya zauna a benci ya yi tagumi, yana kallon baƙin allon. Can sai ya ce, "Maƙwabci, ai ga aktanka nan bai tafi ba." Na duba. Wallahi yana nan yana kaɗawa, talabijin a kashe! Tela ya miƙe a hankali, ya je bayana, ya cire ƙyallen da nake ɗaura wa kwastoma a wuya daga jikin ƙusa, inda fanka take hura shi. Akta ya ɓace daga gilashin.

Ban ji kunya kamar yadda na ji tausayin marigayin ba. Wata huɗu yana wahala a kan abin da ke rataye a bayan ƙeyata.

Za a binne shi gobe da ƙarfe goma a bayan shago, kusa da tsohuwar kilifar aski. Tela ya yi alkawarin yanko masa likkafani daga jikin akta da kansa. Ana gamawa za a dawo ciki, in zauna a kujerata, a ɗaura mini ragowar ƙyallen. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da waya mai kyamara. Tela kuma ana tuna masa cewa almakashin ɗinki ba ya cikin yarjejeniya.