Ƙafar da Za Ta Taka wa Ilu Birki

"Sannu da aiki, ya gajiya? Ashe bawan gidanmu ya koma kwana a ƙarƙashin mota."

Ƙafafun Malam Ilu kaɗai ake gani a waje, sauransa yana ƙarƙashin tsohuwar akori-kurarsa, a kangon da ke jikin gidansa a Zaitawa. Bai buƙaci leƙowa ba. Muryar 'Yardada ce, 'yar kawunsa, taubashiyar da tun suna cin ƙasa ba su taɓa gaisawa babu tsiya a ciki ba.

Shekarar da bama-bamai suka tashi a Kano ce. Gari ya zama sai a hankali, ga dokar hana fita, ga shingen bincike a kowace kwana. Tun Juma'ar da bam ya ci ɗansa Sabo, Ilu bai sake taɓa motar nan ba, har kaji suka mayar da bayanta akurki. Sai ga labari cewa Zaituna, 'yar 'Yardada, ta maƙale a Damaturu da ɗanyen goyo, mijinta ya fita bai dawo ba, kuma babu direban da ya yarda ya je. Ilu bai ce wa kowa uffan ba. Ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo birki mai faifai na wata Fijo da ta fi tasa ƙuruciya, ya ciccire tsohon na ganga daga tayoyin gaba.

"Wace tsohuwa ce ke tare min haske?" ya ce daga ƙasa.

"Uwar ɗakinka ce. Na zo ganin gyaran gangar auzinawa. Motar da ta girmi auren uwata ita ake saya wa sabon takalmi?"

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ke da aka bar ki da haƙori huɗu, an jefar da ke ne?"

"Ni ina tsayawa in an ce in tsaya. Wannan kuwa sai ta ga dama. Ka manta ranar da ta shiga da kai rumfar mai tsire a Yakasai?"

"Ƙamshi ta bi. Dangin ubanki ta gado."

'Yardada ta ɗan murmusa, amma idonta na kan faifan ƙarfen da ke ƙyalli a bayan taya. Ta san inda aka nufa da shi, shi ma ya san ta sani. A kan hanyar gabas yanzu, wanda aka ɗaga wa hannu bai tsaya cak a inda aka nuna masa ba, ba a tambayarsa dalili. Tsohon birkin kuwa sai an lallashe shi yake kamawa.

Ilu ya jawo jiki ya fito, gemunsa duk baƙin mai.

"Tunda kin zo, yi amfani ko sau ɗaya a rayuwarki. Na ɗaura komai, saura fitar da iska. Dole wani ya zauna ya riƙa takawa, ni ina ƙasa ina kwance noti."

"Ni? 'Yar masu gida ta yi wa bawa yaron mota?"

"Nauyinki nake so, ba asalinki ba."

Ta gyara mayafi ta hau tana mita. Ƙafarta ta ƙi kaiwa, sai da ya cusa mata buhun dusa a baya.

"Tsawon da aka rage miki a ƙafa, a baki aka ƙara shi," in ji Ilu.

"Koma raminka, gafiya."

Ya koma. Ta taka, birkin ya lume har ƙasa kamar an taka tuwo.

"Wannan ne birkin? Gara ka ɗaura mata turmi a baya ta riƙa ja."

"Iska ce a ciki, irin wadda ke kanki. Yi ta takawa. Yanzu riƙe. Kar ki saki sai na ce."

Ya kwance notin, mai ya tsarto da kumfa, ya ɗaure. Suka sake, suka kuma sakewa. Aikin ya ɗauke masa hankali, hannunsa ya koma yin abin da ya saba shekara da shekaru, bakinsa ma haka.

"Yawwa. Sabo, taka."

Ilu ya kwanta yana kallon cikin motar, sifana a hannu. Tun yaron bai kai ya hango gaba ba yake zama a kujerar nan yana taka masa birki.

Can sai muryar 'Yardada ta sauko, a dishe.

"Sabo ya fi ƙarfin aikin bayi, ya huta. Da ni za ka yi haƙuri. Na taka."

"Allah ya jiƙansa," in ji Ilu. "Ya fi ki ƙafa."

"Amin. Ya fi ubansa hankali ma." Ta gyara riƙon sitiyari. "Ilu, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ban aike ka ba. Kar a ce na rasa 'ya, na kuma rasa bawa."

"Wa ya ce don ke zan je? Motata ce ta yi marmarin iskar gabas. Riƙe."

Wannan karon man ya fito sumul, babu kumfa. Ya ɗaure notin tam, ya ce ta gwada. Ta taka, birkin ya tsaya mata a rabi kamar dutse. Ta ƙara ƙarfi har buhun dusar ya fashe a bayanta, bai motsa ba.

Ilu ya fito ya tsaya a bakin ƙofar motar.

"To, sarauniyar surutu?"

"Ya kama," ta ce. "Na sallama. Ashe akwai abin da ka iya ban da cin tuwon gidanmu."

Ta zaro wani ƙulli daga ƙarƙashin mayafi ta ɗora masa a hannu. Gurasa ce da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, har da goro. Tun daga gida ta taho da shi. Ya jinjina nauyinsa.

"Wannan ai ya yi wa mutum ɗaya yawa."

"Wa ya ce maka kai kaɗai ne? In ta sake shan iska a daji, wa zai taka maka?"

Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya ga ta riƙe sitiyari da hannu biyu, dusa har a gira. Dariya ta ƙwace masa, ta farko tun waccan Juma'ar, ya goge ido da bayan hannu ya ƙara shafa wa fuskarsa baƙin mai.

"To matsa can, uwar ɗakina," ya ce. "Bawa ne ke tuƙi."